Shekarar da Aka Ce Na Mai da Yayana Inji

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan. Tun kuna ƙanana ake ce muku babanku ne ya mai da Bappa Buba inji, kuma dalilin da ya sa ke nan Inna Jummai ta ɗauke ƙafa daga gidanmu, ko suna ake yi ko biki sai dai ta aiko. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni yadda aka yi. Ni kuma kun san halina, ban iya bayani da baki ba, ina fara magana sai in tsinci kaina a wani wuri daban. Yanzu da na yi ritaya, ido ya fara ja da baya, na ga gara in rubuta muku tun ina iya ganin layi. Ba wanke kaina zan yi ba, don ni ma har gobe ban gama gane ko daidai na yi ba.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiya mai ƙananan asibitoci a nan Azare da Katagum da Udubo da wasu ƙauyuka, ni ne mai kula da kwamfutocinta. A gida dai ba a ɗauki wannan a bakin aiki ba. Kakarku Dada mai gyaran talabijin take ce da ni. Yayana Buba ne ya sa ni a harkar. Shi ke kula da ɗakin kati a asibitin Katagum, inda ake ajiye bayanan marasa lafiya, kuma shi ya kafa kwamfutar farko a can da hannunsa, tun lokacin da ake kawo ta a bayan a-kori-kura an lulluɓe ta da bargo kamar mai zazzaɓi. Matarsa, wadda ni nake kira Adda Jummai, tana taya shi aiki a ɗakin. Da Allah ya karɓi abinsa bayan ciwon 'yan kwanaki, sai aka bar mata kujerarsa. Da wannan kujera ta riƙe marayunta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

Bayan wasu shekaru manyanmu suka sayo sabon tsari. Wai rumbun bayanai ne guda ɗaya, wanda zai san kowace na'ura da ƙungiya ta mallaka, inda take, wanda ke amfani da ita, da abin da ke haɗe da ita. Yadda yake aiki shi ne, daga nan Azare a aika tambaya zuwa ga duk na'urorin: ke wace ce, ina kike, wa ke shiga cikinki? Sai amsoshi su dawo a cakuɗe. Aikina shi ne in tsara ƙa'idar da za ta kai kowace amsa rukunin da ya dace da ita a cikin rumbun, wannan kwamfuta ce, wannan firinta ce, wannan uwar kwamfuta ce, wannan kuma mutum ne. Kamar mai hatsi ne a kasuwa, gero da buhunsa, dawa da nata, kuma rumbun ba ya karɓar ƙwaya ɗaya da ba ta da buhu. Kamfanin da ya sayar mana ya turo wani injiniya ya koya mini, mutum mai saurin magana, rabinta Turanci, ya tafi ya bar ni da ciwon kai da lambar wayarsa.

"Malam Usman, abin ba wuya," in ji shi yana shiga mota. "Duk abin da ke duniyar nan yana da rukuni."

Na yarda da shi, don da farko haka na gani. Na'urori ba su ba ni wahala ba, sai wata tsohuwar firinta a Udubo da ta dage ita kwamfuta ce, ita ma na shawo kanta. Da na zo kan sunayen shiga, wato sunan da mutum ke rubutawa kafin kwamfuta ta buɗe masa, rukuni uku aka tanada. Akwai ma'aikacin da ke bakin aiki, akwai wanda ya bar aiki, akwai kuma sunan inji, wanda na'ura ke amfani da shi ta yi aikinta ita kaɗai ba hannun mutum. Na tsara ƙa'ida, na aika tambaya, kowa ya shige gidansa. Suna ɗaya ne ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga ko'ina. Na matso da fuskata na karanta, sai na ga Abubakar, cikakken sunan Yaya.

Bayanan ofishin ma'aikata sun ce ya rasu. Amsar da ta dawo daga Katagum kuwa ta ce kullum da safe yana buɗe kwamfutar ɗakin kati, kuma kullum bayan la'asar yana kwafe bayanan ranar ya turo su uwar kwamfuta, babbar da ke tara bayanai a Azare. Ba zan ɓoye muku ba, na yi wasu tunane-tunane a ɗan lokacin nan waɗanda bai kamata mai ilimi ya yi ba, har na waiga bayana. Na yi ta'awizi, na sake aika tambayar, na sake aikawa. Amsa dai ba ta canja ba.

Ina zaune ina kallon allo sai ga Madam Rifkatu, shugabar ofishin ma'aikata, mutuniyar Bogoro da ta daɗe a Azare har ta fi ni sanin lungunanta. Rumbun ya tura mata abin ita ma. Ta turo ƙofa ta rufe.

"Malam Usman, wannan ba yayanka ba ne?"

"Shi ne, Madam."

"Ni da hannuna na rufe takardunsa, na je gaisuwa har Katagum. To wa ke masa aiki?"

"Ban sani ba."

"Ka sani mana, ni ma na sani. Ka ji, mako mai zuwa kwamitin bincike na zuwa daga Bauchi, farautar ma'aikatan bogi suke yi, kuma rumbun nan naka za su fara buɗewa. In suka ga mamaci yana zuwa aiki kullum, ba kwamfuta za su tuhuma ba, wadda ke kan kujerar za su tuhuma. Kuma a sabuwar doka, duk wanda ya buɗe bayanan marasa lafiya da sunan wani, kora ce, ba jan kunne."

Washegari na yi sammako na kama hanyar Katagum. Damina ce, hanya ta lalace, amma na isa daidai lokacin da ake buɗe ɗakin kati. Adda Jummai na ganina ta fara, don tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu.

"A'a, Manu! Yau wace iska ta jefo ka? Ko matar ce ta gaji ta koro ka?"

Manu take ce mini, kamar yadda Dada ke kira na. Na ce zagayen duba na'urori nake yi. Ta ajiye jaka, ta kakkaɓe kujera, ta zauna, ta yi bisimilla, ta sa yatsu. Ina tsaye a bayanta na ga haruffan sunan Yaya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ta buɗe da hoton Yaya, wanda ya ɗauka da farar hularsa yana ƙoƙarin ɗaure fuska, a ƙasa kuma an rubuta gaisuwar barka da zuwa da sunansa. Ta ɗan sunkuyar da kai, kamar yadda take yi in ya shigo gida, sannan ta ce wa mai layi na farko ya miƙo katinsa.

A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda na sani tun da daɗewa amma ban taɓa kawo shi a rai ba. Adda ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba. Ku yaran yanzu kuna kiran mazanku da matanku kamar kuna kiran ɗan acaɓa, ba za ku gane ba. Ita Malam take cewa, ko baban Hauwa. Ko ɗan maƙwabta ne aka sa wa Buba, mai sunan Malam take kiransa. Shekara da shekaru suna tare wannan suna bai taɓa fita daga bakinta ba, amma ga shi kullum da safe tana rubuta shi da yatsunta, shi kuma yana amsa mata da fuskarsa. Duk ma'aikatan asibitin sun sani. Na ja shugabansu gefe na tambaye shi me ya sa ba a taɓa ba ta nata sunan ba, sai ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba Malam Usman. Wa zai sa hannu ya goge sunan mamaci, matarsa na zaune a kan kujera? Kai da kake ƙanensa za ka iya?"

Da layi ya ragu na zauna na yi mata bayanin rumbu da kwamiti da rukunan nan uku. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta gane tun kafin in kai rabi.

"To shi a wanne za ka sa shi?"

"Wallahi ban sani ba, Adda."

"Ka ce musu yana nan."

"In na ce yana nan, ya zama ma'aikacin bogi, ke kuma ke kika rufa masa asiri."

"To ka ce musu ya tafi. Ai gaskiya ce."

"In na ce ya tafi, rumbun zai kulle sunan nan take, bayanan da ake turowa Azare su tsaya. Sannan shi da kansa zai kai ƙara wa kwamiti cewa wani ya daɗe yana shiga da sunan wanda ya bar aiki."

"Na ukun fa?"

Na ukun kuwa shi ne na inji. Ta dube ni, ta dubi hoton.

"Ku da kuka yi karatu," ta ce, "ba za ku iya ƙaro buhu na huɗu ba?"

Na fita tsakar asibitin inda waya ke kamawa na kira injiniyan nan. Na tambaye shi ko za a iya ƙara rukuni. Ya ce rukunin me, mamaci mai zuwa aiki? Ya yi dariya, da ya ji ban taya shi ba ya ba ni haƙuri ya yi mini ta'aziyya. Ya ce ƙara rukuni sai kamfani ya zauna ya amince, abin watanni ne, kuma ko ya rubuta musu bai san da wane suna zai kira shi ba. Na kashe waya na tsaya ina kallon awaki suna fakewa daga yayyafi. Ni da ake biya don in san gidan kowane abu, na kasa sanin gidan ɗan'uwana.

Na dawo gida na buɗe maganar, kuma daga nan ne labarin da kuka sani ya samo asali. Mamanku ba ta tsaya dogon tunani ba. Tana tankaɗe ta ce duk abin da zai bar wa Adda aikinta shi zan yi, mamaci ya riga ya huta, marayu ne ke cin tuwo. Dada kuwa, wadda ita ma ba ta faɗin sunan Yaya saboda ɗan fari ne, ta kasa gane komai sai abu ɗaya.

"Kana nufin yana cikin talabijin ɗin nan naku?"

"Sunansa ne, Dada, da hotonsa."

"To a bar shi mana. Wa ya tsare wa?"

"Dole in sa shi a wani rukuni."

"Su wa ke cikin wanda kake so ka sa shin?"

"Na'urori ne. Masu aiki su kaɗai."

"Irin su janareto?"

Na ce ba daidai haka ba, na fara bayani, na rikice, na ƙare da cewa kusan haka. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafin azahar ɗin washegari, daga nan har Jama'are wajen dangin Dada an ji cewa Manu zai haɗa yayansa da janareto.

Na yi kwanaki ina juya abin. Wani lokaci in ga ƙarya zan yi, domin mutum ne ke buɗe kwamfutar da safe, ba inji ba. Wani lokaci in ga gaskiya ce, domin aikin bayan la'asar babu hannun kowa a ciki. Yaya ne ya ɗaura shi a kan sunansa tun farko, lokacin ba mu san ana yi wa inji suna daban ba, kuma tun ranar da aka binne shi aikin bai fasa ba. Suna ɗaya, rabinsa mutum rabinsa inji, rumbu kuma ya ce in zaɓi ɗaya. Na je wajen limamin unguwarmu in ji ko haramun ne. Ya saurare ni da haƙuri har na gama, sannan ya tambaye ni ko marigayin ya bar wasiyya a kan kwamfutar. Na gane na ƙara rikita mu duka biyu, na yi masa godiya na taso.

Ana gobe kwamiti zai zo, da yamma kafin a tashi aiki, na zauna na gyara ƙa'idar. Na ce wannan suna a kai shi rukunin inji. Na san abin da zai biyo baya, don na karanta. Sunan inji ba shi da hoto, ba shi da muƙami, ba a yi masa barka da zuwa, kuma mutum ba ya iya shiga da shi da hannu. Na danna, sunan ya bar bakin ƙofa ya shige, ya zauna tsakanin na'urar tura saƙo da mai lura da firintoci. Madam Rifkatu ta leƙo ta duba allon ta daɗe.

"Ni dai inji na gani," ta ce. "Allah ya ji ƙansa."

Niyyata washegari in riga Adda isa ɗakin kati don kada ta tarar da abin ita kaɗai. Ruwa ya yanke hanya, muka tsaya jiran ya janye, ban isa ba sai hantsi. Na tarar da layi har waje, ita kuma tana zaune tana rubuta sunan, kwamfuta na ƙi, tana gogewa tana sake rubutawa a hankali, a zatonta ita ce ke kuskure. Aka ce mini tun safe take haka, kuma ba wanda ya iya ce mata komai. Da ta ɗago ta gan ni, hannunta ya tsaya.

"Malam Usman," ta ce, "sannu da zuwa."

Tun da nake ba ta taɓa kira na haka ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ja kujera na buɗe mata nata sunan, na sa shi a rukunin ma'aikacin da ke bakin aiki, ya shige ba gardama. Na ce ta zaɓi kalmar sirri, na juya fuskata bango kamar yadda aikinmu ya koyar. Ido na iya juyawa, kunne kuwa ba ya juyawa. Na ji bugun maɓallan, irin bugun da na ji ranar da na tsaya a bayanta, ba ƙari ba ragi. Sunan Yaya ta mayar kalmar sirrinta. Allon ya buɗe babu hoton kowa, ta ce wa mai layi na farko ya miƙo katinsa.

Kwamiti ya zo ya duba ya tafi, bai tsaya a kan Katagum ba. Adda ta ci gaba da aikinta har ta yi ritaya da mutuncinta, ta aurar da Hauwa, ta kai ƙannenta makaranta. Wannan shi ne abin da na samu. Abin da na rasa kuma kun gani da idonku. Ba ta yi faɗa da ni ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba, in mun haɗu a gaisuwar mutuwa za ta gaishe ni cikin ladabi kamar baƙo. Dada ta rasu ba ta sake ce mini mai gyaran talabijin ba, kuma na yi kewar hakan fiye da yadda nake zato. Sau da yawa na tambayi kaina ko akwai wata hanya da ban gani ba, ko da na kira Adda tun da yamman nan na faɗa mata da bakina da abin ya zo da sauƙi. Wani lokaci in ga na ceci gidan yayana, wani lokaci in ga na shiga ɗakin da ba nawa ba na kwashe abu ɗaya da ya rage mata. Har yau da nake rubutun nan ban iya sa abin da na yi a rukuni ɗaya ba.

Da zan bar aiki, wanda ya gaje ni ya ga sunan mutum a cikin injuna, ya ce zai canja shi zuwa suna irin na na'ura don tsari ya yi kyau. Na ce masa duk abin da ya ga dama ya canja a ofishin nan, har kujerata, amma wannan ya bar mini. Ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni, ya bari.

Ranar bikin ƙanwarku ta ƙarshe, ina zaune a zaure da baƙi aka ce ana kira na a cikin gida. Na shiga na tarar da Adda Jummai a kan tabarma a ƙofar ɗakin mamanku, ta tsufa, da sanda a gefenta. Ban san ta zo ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, mata na ta kai da kawowa da kwanuka. Can ba tare da ta dube ni ba ta yi magana.

"Har yanzu yana aikin?"

"Yana yi, Adda. Kullum bayan la'asar."

Ta gyaɗa kai, ta gyara zaman mayafinta.

"Shi dama bai iya zama haka nan ba," ta ce. "Manu, miƙo mini ruwan can."